Yayana Mai Hoto da Fuskar da Ta Ƙi Fitowa

Bari in fara da wautata, tunda ko na ɓoye ta masu gaisuwa sun riga sun shimfiɗa ta a tabarma. Ni ne mutumin da ya ɗauki zarto ya goge wa kayan ordinatar, wato kwamfuta, haƙora, wai don ya shiga inda ba gurbinsa ba. Shekaru sun tafi, gemuna ya yi fari fat, amma ranar da muka kai yayana makwancinsa wani tsoho da ya zo daga Garagumsa ya riƙe hannuna, ya yi min gaisuwa har idonsa ya kawo ruwa, sannan ya sunkuyo ya ce, "Af, ba kai ne mai zarton nan ba?" Na ce ni ne. Ya ce, "Allah ya jiƙan wanda ya yi haƙuri da kai." Na ce amin, don addu'a ce mai kyau, kuma ba ƙarya a ciki.

Zaman makokin yayana bai yi kama da na kowa ba. Mutane da hotuna suka zo. Wannan ya zaro na ranar aurensa daga aljihu, wancan ya kwance ƙullin leda ya fito da na uwarsa da ta daɗe da rasuwa, kowa na nuna wa na kusa da shi yana cewa shi ya ɗauke ni. Wata tsohuwa daga wajen Hamdara ta tsaya a bakin zaure ta ƙi wucewa wurin mata, sai da aka kira ni. Ta ɗaga wani hoto da ya koɗe ta ce, "Ka ga kumatun nan? Ba nawa ba ne. Shi ya yi min su." Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, aka kama ta aka shiga da ita. Liman ya ce bai taɓa ganin yayana ya shigo masallaci da sauri ba, bai kuma taɓa ganin ya makara ba. Matar yayana kuwa, wadda muka yi shekaru muna wasan ƙanin miji da ita har ta taɓa zuba min barkono a fura, ko kallona ba ta yi ba sai da aka watse. Sannan ta ce, "Kai ka fi kowa surutu. Ka rubuta shi kafin a manta."

Ni da karatuna ya tsaya a aji biyu na lakwal, makarantar boko, inda na koyi Faransancin "wi mushe" da yadda ake kauce wa bulala. To ga shi dai, yadda ya samu.

Mu biyu iyayenmu suka bari, shi babba, ni auta. A wani ƙauye bayan Damagaram Takaya aka haife mu, mahaifinmu yana da 'yan tumaki. Can yayana ya samo maganar da ya riƙe har ƙarshen ransa. Idan tunkiya ta mutu ta bar ɗa, mahaifinmu ba ya tura shi ƙarƙashin wata haka kawai. Sai ya shafa masa gishirin manda, ya ɗiga masa nonon waccan a baya, ya ajiye shi nesa kaɗan, ya zauna. In ta shinshina ta lasa, shi ke nan. In ta sa ƙaho, a nemi wata. Yayana ya ɗauke wannan ya mai da shi dokar duniya. Za a yi aure, za a sa ƙofa a gini, za a zuba gishiri a miya, sai ka ji ya ce, "A tambayi uwa tukuna." Ni kuwa baduku na zama. A sana'armu abin da ya yi kaɗan a jiƙa shi a ja, abin da ya yi yawa a sa aska. Ban taɓa tambayar fata ra'ayinta ba.

Shi hoto ya koya, tun zamanin da ake lulluɓe kai da baƙin ƙyalle. Shagonsa na jikin zauren gidanmu a Zango, don gida ɗaya muka zauna, shi da iyalinsa a gabas, ni da nawa a yamma. Kafin ya ɗauke ka sai ya gyara maka hula, ya tambayi lafiyar gida, ya jira har fuskarka ta daina tsoron na'ura. Masu sauri suna zaginsa, amma su dawo. Da hoton fim ya mutu, abokan sana'arsa suka koma sayar da goro, shi kuwa da furfurarsa ya sayo tsohuwar ordinatar daga wani buro, wato ofis, da aka rufe, ya zauna gabanta kamar ɗan makarantar allo. Baƙuwa yake ce mata. Yana lulluɓe ta da zanen matarsa, ba ya kunna ta sai da bisimilla. Na tsokane shi na ce ya yi amarya mai ido ɗaya. Ya ce, "Ta fi ka jin magana, Auta."

Sai shekarar farin nan ta zo. Wanda ya gan ta ba sai an faɗa masa wacce ba. Gero ya yi ciki bai haihu ba, abin da ya rage fara ta share. Famfo a garin nan ya koma sai iska yake hurawa. Danginmu na ƙauye suka fara sauka a zaure, yau biyu gobe biyar, da ƙullin anza da suke jiƙawa kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, ba ya fita. Wasu sun ce har gidan tururuwa sun tona. Ina zaune a rumfata daga safe zuwa la'asar, ba mai kawo takalmi sai mai son ya sayar da nasa.

A lokacin ne yayana ya fara ƙaryar da na san Allah zai yafe masa. Tsofaffin da 'ya'yansu suka tafi ci-rani sukan zo a ɗauke su hoto don a aika wa yaran. Ya ɗauka, ya sa a baƙuwarsa, ya zauna yana cike musu ramin kumatu, yana goge ƙashin wuya, yana mai da hasken ido. Na ce, "Yaya, ai gara yaran su ga yunwar su aiko da wani abu." Ya ce, "Wanda ke nesa in ya ga uwarsa haka, ba aikowa zai yi ba, haukacewa zai yi." Bai karɓi ko sisi a wannan aikin ba.

Mu ma namu yaran suka tashi. Ɗansa na fari da nawa na fari damina ɗaya aka haife su, shekarar da mahaifinmu ya rasu, duka biyun kuma sunansa suka ci. Saboda haka ba mai faɗar sunan a gidan. Mu mukan ce na gabas da na yamma. Su kuwa junansu Takwara suke kira. Tsawonsu ɗaya, tafiyarsu ɗaya, in ɗaya ya yi sallama daga waje sai uwar ɗayan ta amsa. Dukansu ni Baba, yayana Baba, matanmu Inna da Inna. Suka ce za su bi kamyo, babbar motar kaya, su haye hamada, an ce ana samun aikin gona a can arewa. Yayana ya ƙi, ya ƙi, ranar da aka raba tuwo ya ga ƙanana suna lasar kwano har yana ƙara, ya ce su je.

Da farko sukan kira a wayar maƙwabci. Daga baya lambar ta daina shiga. Sai jita-jita ta cika tasha, wai wata mota ta mutu a tsakiyar rairayi, wai an tsinci mutane a ƙarƙashinta. Kowa ya ji, ba wanda ya kawo zancen cikin gida.

Wata safiya wani direba ya yi sallama ya miƙa ambulan. Ya ce wani ne ya ba wani, wanin ya ba shi, shi bai ga kowa ba. A bayan ambulan an rubuta sunan mahaifinmu, wato sunan yaran duka biyu. A ciki faifai ne, irin mai ƙyallin nan.

Baƙuwar yayana dama ta kwana biyu ba lafiya. Zafin shekarar ya dafa ta, takan ja layi kore a kan hoto, ya kashe ta ta huta ya sake kunnawa. Muka taru mu huɗu a shago, mu da matanmu, ya sa faifan. Abin da ya fito ba zan manta ba. Ga siffar mutum a tsaye, amma inda fuska take sai tarkace kore da shuɗi suna motsi kamar tsutsa a rauni. Kan ya rabe, ya koma, ya sake rabewa. Maiɗakina ta kama bango. Sai murya ta fito, a shaƙe, iska na kaɗa ta, kamar mai magana daga cikin rijiya:

"Baba, Inna, ina gaishe ku. Motarmu ta mutu a hanya, ruwa ya ƙare. Takwara Allah ya yi masa cikawa. Mun yi masa sutura da abin da muke da shi, mun sa shi a ƙasa. Ku yafe masa. Ni ina nan, na samu wuri a wata gona. Ku yi haƙuri."

Shi ke nan. Ya ƙare.

Ba wanda ya motsa. Ni na fara magana, don ni ne wawan gidan. Na ce, "Wane ne?" Yayana ya sake sawa. Muka kasa kunne kamar masu sauraron ɓarawo. Maƙogwaron da ƙishirwa ta tsaga ba ya da mai shi. Matar yayana ta dubi maiɗakina ta ce, "Naki ne, na ji shi." Maiɗakina ta ce, "A'a Yaya, naki ne, Allah ya raya miki." Da muka koma ɗaki maiɗakina ta riƙe rigata ta ce, "Nawa ne, wallahi nawa ne, na san yadda yake haɗiye yawu." Daga baya na ji ita ma ta gabas haka ta faɗa wa mijinta.

Na ga tsoro a rayuwata. Na taɓa kwana a daji da kura na zagaya ni, na taɓa faɗawa rijiya. Wannan dabam ne. Mutuwa ta shigo gida ta zauna a tsakar gida, ba ta faɗi ɗakin da ta zo ba. Labari ya fita, mutane suka zo gaisuwa, suka tarar da mu biyu a tabarma, suka rasa hannun da za su kama. Sai su ce "ya haƙuri" suna kallon bangon da ke tsakaninmu. Liman ya ce, "Ai suna ɗaya ne. A yi addu'a da sunan, Allah ya san nasa." Aka yi. Amma matan nan biyu suka daina ci. A shekarar da mutane ke tona gidan tururuwa, tuwo yana kwana a kwano a gidanmu.

Muka gwada faifan a na'urar kallon maƙwabci, ta tofo shi, wai ba irin cimarta ba ne. Yayana ya kira wani mai gyara daga Kasuwar Dole. Mutumin ya buɗe cikin baƙuwar, ya nuna wani ɗan allo da ke tsaye a ciki ya ce wannan ce kart girafik, ita ke zana duk abin da ido ke gani a gilashin, kuma ta ƙone, sai an sa wata. Ya ce amma ba kowace ake sawa ba, sai wadda ta dace da kart mer. Yayana ya ce mece ce kart mer? Ya nuna babban allon da ke kwance, wanda komai ke manne a jikinsa, ya ce da Faransanci uwa ke nan. Tun zuwan faifan ban ga fuskar yayana ta saki ba sai lokacin. Ya ce, "Ashe uwa gare ta. To a tambaye ta."

Mai gyaran ya ce uwar tsohuwar yayi ce, irin 'ya'yan da take karɓa sun ƙare a garin nan, sai dai a nema a Kano. Ya ce amma me zai hana mu kai faifan sibar, shagon da ake biya a yi amfani da ordinatar, yanzu-yanzu a gani? Yayana ya ce, "Tare muka sallame su, tare za mu gani, mu huɗu, a gidan da aka haife su. Ba a karɓar mutuwa a kasuwa." Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya tafi.

Sai yayana ya shiga tambayar uwa, ni kuwa ina tsaye a kansa kamar in fashe. Ya ɗauko gilashin da yake duba fim da shi a da. Ya zare ƙonanniyar a hankali, ya nuna min gindinta: jerin haƙora ne na ruwan zinariya, da wushirya a tsakani. Ya nuna min bakin da take zama a jikin uwar, shi ma da ɗan tudu daidai inda wushiryar take. Ya ce, "Ka gani? In wushirya ba ta hau tudun nan ba, ba 'yarta ba ce." Ya karanta sunan da aka buga a jikin uwar harafi-harafi. Ya duba akwatin da ke raba wuta a ciki, don mai gyaran ya ce sababbin nan ci gare su, in wutar ba ta isa ba duk su biyun za su kwanta. Yayana ya ce, "Haka ne. Uwar da ba ta ƙoshi ba ba ta shayarwa." Ya karyi tsinken tsintsiya ya auna tsawon wurin. Sannan ya yi abin da ya iya: ya ɗauki uwar hoto, ta gaba, ta gefe, bakin nan kusa-kusa da tsinken a kwance kusa da shi. Ya kai wa wani abokin sana'arsa ya wanke, ya ba wani ɗan unguwarmu mai fataucin atamfa da zai tafi Kano, da ƙonanniyar a naɗe cikin auduga. Na ce, "Yaya, hoton neman aure ke nan?" Bai yi dariya ba. Ni ma da na faɗa sai na ji bakina ya yi ɗaci.

Jira ya fara. Ni ba a halicce ni da jira ba. Wata rana da hantsi na saci faifan na sa a aljihu na nufi sibar. Na isa har bakin ƙofa. Samari cike, suna kallon kokawa suna ihu. Na sa ƙafa ɗaya ciki, sai na tuna: in na gani, ni zan dawo da shi. Ko dai in shiga ɗakina in faɗa wa maiɗakina, ko in tsaya gaban yayana in faɗa masa. Na janye ƙafata. Mai wurin ya ce, "Baba, lafiya?" Na ce ina neman mai sayar da kilishi ne. Na dawo na mai da faifan inda yake, ina zufa kamar an tsamo ni daga tafki.

Washegari na shiga kasuwa, na samu wani mai tarkacen rediyo yana da kart girafik. Babba, ja, da farfela a jikinta, sai ƙyalli take. Ya ce sabuwar yayi ce, ta fi ta da nesa ba kusa ba. Na ce a raina babba ai ta fi ƙarama, ko a kasuwar awaki. Na ba shi fatun da na ajiye don salla, na rungumo ta. Na jira yayana ya tafi neman ruwa da 'yan garuwa, na shiga shago, na kwance murfin. Na ɗora ta a bakin uwar. Ta ƙi. Na danna. Ta ƙi. Na duba, wushiryar ta kauce da faɗin yatsa, haƙoran kuma sun fi bakin tsawo. A sana'ata wannan ba matsala ba ce. Na ɗauko zarto. Na zauna a ƙasa na matse ta da ƙafa yadda nake matse tafin takalmi, ina buɗe mata sabuwar wushirya, garin zinariya na zuba a wandona.

Haka ya same ni.

Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗagawa ba. Ya ajiye jarka ya ce, "Auta, me kake yi?"

Na ce, "Gyara nake, kaɗan ya rage."

"Ajiye."

"Yaya, matanmu za su mutu muna jiran mai atamfa."

"Na ce ajiye. Da ka tura ta ka kunna, uwar ta kama da wuta, sai mu koma ina? Sai ka ɗauki faifan ka koma inda ka je jiya, ka shiga wannan karon, ka dawo ka faɗa wa matata?"

Ashe ya sani. Kunya ta sa na yi rashin kunya. Na miƙe na ce, "Kai dai tsoro kake ji. Duk awon tsintsiyar nan da ɗaukar hoto ja mana rai kake, don kada a gani."

Ya dube ni har sai da na sauke kai. Ya ce, "E, tsoro nake ji. Tun da faifan nan ya zo ban runtsa ba. Kai da ba ka ji, me ya sa zarton ke rawa a hannunka?"

Na duba, rawa yake. Ya karɓa ya ajiye a kan teburi. Ya ɗauki jar kart ɗin da na kashe, ya juya ta, ya ce, "Kyakkyawa kuwa. Da uwarta tana can wani wuri." Ya rataye ta a ƙusa a bangon shago, a nan ta zauna shekara da shekaru, duk wanda ya tambaya sai ya ce aikin ƙanena ne, baduku ne. Ta haka labarin ya kai har Garagumsa.

Mai atamfa ya dawo ranar wata kasuwa. Abin da ya kawo ɗan ƙarami ne, kore, tsoho, ba farfela, gefensa ma da tsatsa. Na ce wannan ce za ta yi abin da jar ta kasa? Yayana ya jera ta da ƙonanniyar, haƙori da haƙori. Ya ɗora tsinken tsintsiyarsa. Ya sa gilashi ya duba wushirya. Sannan ya ajiye ta, bai sa ba. Ya shiga cikin gida, na bi shi. Ya sa aka dama kunu, ya tsaya har matan nan biyu suka sha, ya ce ba wadda za ta shiga shagonsa da ciki wayam. Ya tsuguna gaban maiɗakina, shi da yake babban wa, ya ce, "Ƙanwata, kin shirya?" Ta gyaɗa kai. Ya juya wajen matarsa ya ce, "Ke fa?" Ta ce, "In na ce ban shirya ba, zai tashi?" Ta ɗauki mayafinta ta riga mu fita.

Ya yi bisimilla ya ɗora ta a bakin uwar. Da yatsa biyu ya danna, ta ce ƙyas, ta zauna kamar a nan aka haife ta. Duk kwanakin nan ina zagin jira, yanzu da za a ce min ta ƙi, da na yi sadaka. Ya ɗaure ta da ƙusa, ya jona igiyoyi, ya kai hannu zai kunna, sai aka ɗauke wuta.

Muka zauna mu huɗu a shagon nan, rana tsaka, zafi kamar tanda. Ina jin numfashin kowa. Wani ɗan ƙauyenmu ya leƙo daga zaure, ya ga fuskokinmu, ya koma. Aka kira azahar, muka je muka dawo, matan na nan inda muka bar su. Can wajen la'asar fitila ta kama.

Gilashin ya haska tas, ba layi ko ɗaya. Ko a nan bai yi sauri ba. Ya fara buɗe hoton wani tsoho da ya ɗauka, ya duba idonsa, ya duba gemunsa, ya ce, "Ta karɓe ta." Sannan ya sa faifan.

Rairayi, da wata katanga ta laka, da mutum a tsaye ya rufe fuska da rawani, idanu kawai. Na ji maiɗakina ta ce "Ya Allah" a ƙasa-ƙasa. Idanun nan na gidanmu ne, na mahaifinmu, duka yaran suna da su. Sai hannu ya taso, siriri kamar kara, ya ja rawanin ƙasa don ya yi magana. A haɓarsa akwai tabon basilla, wanda ya samu yana rarrafe a rumfata.

Nawa ne.

Maiɗakina ta yi wani sauti, ta cusa bakin zanenta a baki ta danne. Ni ban san me fuskata ta yi ba, har yau ina tsoron abin da ta yi. Muryar ta ci gaba, "Baba, Inna, ina gaishe ku," yanzu kuwa ko kurma ya san mai ita. Matar yayana ta kalla har ƙarshe. Wanda ya rasu ɗanta na fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, yau ma ba za ta fara ba. Ta miƙe ta ce, "Bari in duba tukunya." Tun bayan kunun nan ba a sake hura wuta a gidan ba.

Yayana ya yi salati, ya yi istirja'i. Ya ce, "Alhamdu lillahi, an bar mana ɗaya." Ya zare faifan ya mai da shi ambulan, ya miƙa wa maiɗakina da hannu biyu. Ya ɗauki murfin baƙuwarsa ya mayar, ya ɗaure ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe, ya lulluɓe ta da zane. Sannan ya fita zaure ya shimfiɗa tabarma ya zauna a inda mai karɓar gaisuwa ke zama.

Yanzu mutane sun san hannun da za su kama. Su riƙe nasa su daɗe, su zo kaina su ɗan matsa nawa su saki da sauri. Da aka share makoki sai na fara gudunsa. Ni da ba na iya wuni ban tsokane shi ba, na koma fita tun da asuba ta ƙofar baya, in na hango shi a layi in shige lungu. A masallaci na koma sahun ƙarshe. In ɗana ya aiko da saƙo, maiɗakina takan ɓoye murnarta a cikin ɗaki kamar kayan sata. Damina ta zo ta yi kyau, baƙin zaure suka koma gonakinsu, ni ban koma shagon yayana ba.

Wata rana da hantsi ina rumfa, sai ga inuwa a kaina. Shi ne, da takalmi ɗaya a hannu, ɗaya a ƙafa. Ya ce, "Baduku, ana aiki?" Ya zauna a kan buhun fatu ya miƙo min. Maɗaurin ne ya rabu. Na juya shi, na ga ba tsinkewa ya yi ba. Fatar da ta gaji gashi-gashi take yi. Wannan yankan reza ne, sumul, sabo. Na sa basilla na fara ɗinki, kaina a ƙasa, ina jan zaren a hankali don kada aikin ya ƙare in rasa inda zan sa idona. Ya bar ni har na kai rabi. Abin da ya faɗa, na yi shekaru ina neman amsarsa, har ranar da na sauka cikin kabari na karɓe shi da hannuna ban samu ba. Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da ɗansa inda ba ƙishirwa. Cewa ya yi:

"Ɗago kanka, Auta. Duk kwanakin nan abin da ka roƙa shi na roƙa, ba bambanci ko na harafi. Taka addu'ar aka amsa. Da tawa aka amsa, ni ma haka zan riƙa gudunka. Abin da ban sani ba, ko kai za ka yanke takalminka ka biyo ni."